Tayoyin Aro

Motar da mijina ya bari ƙaramar jif ce fara, mai ƙofa biyu, irin mai jan ƙafa huɗun nan da in ta tsaya kusa da manyan jif-jif sai ka ce 'yarsu ce suka fito da ita yawo. Malamin dabbobi ne shi, Allah Ya jiƙansa, kuma a cikinta ya yi rabin rayuwarsa yana bin rugage daga Baure har bakin iyaka yana yi wa shanu allura. Yashi bai taɓa riƙe ta ba, wannan kam na shaida. Inda manyan motoci ke nutsewa masu su fito suna tono da hannu, shi sai ya ja ƙaramar giyar nan ta gefen babbar, ta yi gurnani ta wuce abinta. Yana ji da ita fiye da yadda ya kamata magidanci ya ji da ƙarfe. Ni kuwa ban taɓa sonta ba. Kujerunta warin maganin kaska suke yi, kuma duk ramin da ta taka sai ka ji shi a ƙugunka.

A shekararsa ta ƙarshe ta koyi wata muguwar ɗabi'a. In aka hau kwalta aka ɗan sake mata, ta taka 'yar gargada, sai sitiyarin ya kama rawa a hannun mai tuƙi. Ba 'yar girgiza ba, gaban motar gaba ɗaya ke karkarwa, kuma ba ta bari sai an rage gudu an kusa tsayawa. Birkin sai an taka an sake takawa kafin ya tuna aikinsa. Tayoyin sun goge sumul, babu ko alamar zane a jikinsu. Kullum cewa yake da ya ji sauƙi zai kai ta Kano a yi mata aiki na gaske, a canza duk abin da ya ci a ƙasanta. Sauƙin bai zo ba.

Ban daɗe da fita takaba ba aka tura 'yata ta fari aikin ungozoma a wani ƙaramin asibiti, a wani ƙauye da ke gaba da garin Babban Mutum, inda ake sauka daga kwalta a shiga yashi. Tun da aka yaye ta kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta, a can ta girma. Ban taɓa kiran sunanta ba, ba a gabanta ba, ba a bayan idonta ba. Yarinyar nan nake cewa, kowa kuma ya san wa nake nufi. Ita ma Yaya take ce min, yadda ta ji ƙannen ubanta na kirana. Ubanta ne ya koya mata tuƙi, a wannan motar, a filin bayan gari. Don haka da maganar aikin ta taso, ƙanin mijina, wanda yara ke kira Baffa kuma shi ke riƙe da al'amuran gidan tun rasuwar, ya yanke cewa ta ɗauki motar, ta tafi farkon mako ta dawo ƙarshensa.

Da autata ce, da na zauna a bakin ƙofa na ce sai dai a bi ta kaina. Amma wannan ta fari ce, kuma bakina bai saba ba. Ba zan iya buɗe shi a gaban dangin mijina in ce ina tsoron motar nan ta kashe min 'ya ba. Tsoron kuwa yana nan, da shi nake kwana da shi nake tashi. Sai na faɗi abin da ke faɗuwa.

“Motar nan fa ba ta da lafiya,” na ce wa Baffa ranar da ya shigo gaishe ni.

Fataucin awaki yake yi, kasuwa-kasuwa har Mashi, kuma tun ina amarya muke wasa da shi. Da wasan ya karɓe ni.

“Yaya, yaushe kika buɗe gareji ba mu sani ba? Motar da marigayi ya yi shekara da shekaru yana shiga daji da ita?”

“Shi da bakinsa ya ce sai ta je Kano.”

“In aka kai ta Kano sai ta yi wata a can ana jiran kaya, yarinya kuma an ce ta kama aiki. Amma bari in raba gardama. Takardunta sun ƙare, dole a kai ta wurin masu duba lafiyar mota. In hukuma ta ce ba ta da lafiya, ni da kaina zan ajiye ta. In kuma suka ce lau take, kin bar maganar. Kin yarda?”

Na yarda, har da saurina. A raina na ce madalla, ga wanda zai faɗa min abin da ni ba zan iya faɗa ba. Mutum mai kaki, mai hatimi, wanda babu kunyar kowa a kansa, zai shiga motar nan ya tuƙa ta ya ji abin da take yi, ya rubuta. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, ina gyara jarrabawa, kuma a wautata na ɗauka duk inda aka ce gwaji, to akwai wanda ke iya faɗuwa.

Ranar da za a kai ta na ce akwai dubiya da zan je a unguwar, su rage min hanya. Baffa ya san babu wata dubiya, amma ya buɗe min ƙofa. Da muka fita sai na ga bai ɗauki hanyar ofishin ba, ya karya ya shiga garejin bakaniken da ke yi wa mijina aiki. Mutumin ya zo har taga ya sake yi min ta'aziyya, ya yabi marigayi, sannan ya shiga bayan rumfarsa ya fara gangaro da tayoyi. Sababbi fil, baƙaƙe wuluk, zanensu har yana kama ƙasa, kowace da ɗigon shuɗin fenti a gefenta. Ya fito da waifa, da madubin gefe, da ƙwan fitila a cikin kwali, da jar tukunyar nan ta kashe gobara.

Zuciyata ta yi sanyi. Na ce ashe Baffa ya ji maganata, wasa kawai yake ja na da shi. Ina zaune a kan benci a ƙarƙashin dalbejiya ana ɗaga motar da jak, ina ta shirya irin godiyar da zan yi masa ba tare da na zubar da girmana ba. Har na buɗe baki, sai bakaniken ya ɗago daga inda yake ɗaure noti.

“Alhaji, don Allah kafin la'asar a dawo min da su. Akwai mai akori-kura da ke jira, shi ma yau yake so ya shiga.”

Na ce, “A dawo da me?”

“Kayan gwaji, Hajiya.”

“Aro ne?”

“Haya dai muke bayarwa, amma ku ai gida ne. Ba zan karɓi komai a kan motar marigayi ba.” Ya faɗe shi da fuskar mai yin alheri, kuma na san har ga Allah alherin yake ganin ya yi. Ya ƙara da cewa, “Shi ma marigayin bara haka muka yi masa.”

Wannan ta ƙarshen ce ta tsaya min a rai. Mutumin da in kwalbar allura ta kwana cikin zafi sai ya zubar da ita, ya ce ba zai cuci saniyar Bafulatani ba, shi ne ya zo nan ya ari tayoyi. Ban ce ƙarya bakaniken yake ba, don na san ba ƙarya ba ce. Abin da kowa ke yi ne, har ya daina kama da laifi.

Na tambaye shi rawar sitiyarin fa, ita ma akwai ta aro? Ya yi dariya ya ce Hajiya akwai barkwanci. Ya kwanta a ƙarƙashin motar, ya yanko wata roba daga tsohon tiyub ya cusa a wani wuri ya ɗaure, ya fito ya tsiyaya man birki a tukunyarsa, ya goge hannu a wando.

“Zai kai ta ya dawo da ita,” in ji shi.

“Babban Mutum?”

“A'a, Hajiya. Wurin gwajin.”

Na san jeren aro. Muna 'yan mata, in aka kai amarya ɗakin ya yi ƙaranci, sai a bi maƙwabta a aro kwanuka da tasoshi a cika bango, 'yan ganin ɗaki su zo su yaba, bayan biki kowa ta aiko a ɗaukar mata nata. Ni ma na taɓa ba da aro. Amma kwano ba ya ɗaukar ran kowa a kan hanyar Zango.

Wurin gwajin fili ne da rumfar kwano a gefe. Motoci sun yi layi, masu su na tsaye a inuwa suna hira kamar masu jiran ɗaurin aure. A ƙarƙashin rumfar akwai wata na'ura da aka lulluɓe da tamfol, wani ya ce min ita ce ke auna birki, amma ba a taɓa ja mata wuta ba. Wata akuya ta samu inuwa a gindinta. Ina zaune a mota ina kallo sai na lura da wata tukunyar kashe gobara da ke tafiya. Da jami'in da ke dubawa ya gama da mota ɗaya, direban sai ya miƙa ta ta taga, na bayansa ya karɓa ya ajiye a kujera. Ba a ɓoye ake yi ba. Sau ɗaya ma jami'in ne ya matsa gefe don a samu hanyar miƙawa.

Da layi ya zo kanmu, ya iso cikin kakinsa mai guga, dattijo mai furfura a gemu, mai fara'a, irin wanda in ka gan shi a sahun gaba a masallaci ba za ka yi mamaki ba. Suka gaisa da Baffa. Ya ce a kunna fitila, aka kunna. A danna hon, aka danna. A taka birki, Baffa ya taka, shi kuma ya leƙa baya ya ga jar fitila ta kama. Ya zagayo ya sa ƙafa ya ɗan shuri tayar gaba, ya dubi shuɗin fentin, ya yi murmushi irin na wanda ya haɗu da tsohon sani.

“Tayoyin nan akwai juriya. Ba su ne ɗazu a ƙafar motar burodi ba?”

Baffa ya yi dariya, na bayanmu ma suka yi. Na gyara mayafi na leƙo.

“Ranka ya daɗe, ba za ka shiga ka tuƙa ta ka ji ba? In ta hau kwalta sitiyarinta rawa yake yi. Birkin ma ba ya kamawa da wuri.”

Baffa ya juyo ya dube ni kamar na tuɓe ɗankwali a kasuwa. Jami'in bai yi fushi ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya sunkuyo da ladabi.

“Hajiya, mu abin da muka gani muke rubutawa. A nan dai ban ga ta yi rawa ba.”

“Ai a tsaye take.”

“To, a tsaye muke dubawa.”

Ya koma rumfa, ya zauna, ya buga hatimi, ya sa hannu. Baffa ya dawo da takardar yana kaɗa ta don tawadar ta bushe, ya ɗora min a cinya. An rubuta cewa an duba motar nan an same ta lafiya lau, ta cancanci hawa kowace hanya har shekara ta zagayo. Na karanta har ƙasa, domin ni dai haka na saba da takarda.

Muka koma gareji. Mai akori-kurar na nan yana jira, ya riga ya ɗaga tasa motar a kan duwatsu. Ina kan bencin nan aka kwance tayoyin ɗaya bayan ɗaya aka gangara masa da su, aka mayar wa motar mijina da nata gogaggu. Aka cire waifa, aka cire madubi, aka kwance ƙwan fitila aka mayar cikin kwalinsa. Robar tiyub ɗin kaɗai aka bar mana, wai kyauta. Bakaniken ya raka mu har bakin titi yana ta sa albarka, yana cewa a gaida yarinya, Allah Ya ba ta sa'ar aiki.

A hanyar gida, bayan la'asar, muka hango jami'in a bakin kwalta da 'yar jakarsa, an tashi aiki yana jiran abin hawa. Baffa mutum ne mai son a san shi da kirki, sai ya taka birki, ya sake takawa, muka tsaya can gaba da shi kaɗan.

“Ranka ya daɗe, ina aka nufa? Shigo mu rage maka hanya.”

Ya taho da sauri yana godiya, ya ce can wajen hanyar Zango yake zaune. Har ya ɗora hannu a kan ƙofa. Sai ya gane mu, idonsa ya sauka ƙasa, ya dubi tayar gaba, ya dubi ta baya. Ya janye hannunsa.

“Au, ita ce? Da ƙafafunta na gado?” Ya yi dariya ya ja da baya. “A'a, Alhaji, ku je kawai, na gode. Ni ina da yara ƙanana.”

Ya ɗaga wa wani ɗan acaɓa hannu ya haye, har yana waiwayo yana ɗaga mana hannu. Baffa ya taya shi dariya. Ni kuma na sauke gilashi na tofar da miyau. Na ga rashin kunya iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar yadda na ji ta wannan dattijo mai fara'a ba. Da jahili ne da na yi masa uzuri. Ya san komai, ya san abin da gogaggiyar taya ke yi a kan kwalta mai zafi, har ya san ransa ya fi ƙarfin ya shiga. Sa hannun nasa kuwa yana nan a cinyata, ko gama bushewa bai yi ba.

“Ka ji abin da ya ce,” na ce wa Baffa.

“Wasa yake, Yaya. Abin da ya sa wa hannu shi ne magana.”

“Shi ya ƙi shiga.”

“Kin ce in hukuma ta ce lau, kin bar maganar. Ga shi ta ce. Rai kuma a hannun Allah yake.”

“Na sani. Birkin fa, a hannun wa yake?”

Ya ƙara wa rediyo murya, muka ƙarasa gida a hankali, don shi ma bai yarda ya sake mata ba. Na lura da hakan, na kuma lura ya san na lura.

Washegari na je wurin surukata, wadda ta raini yarinyar, don ita in ta ce a'a babu mai cewa i. Na yi ta kewaye-kewaye, na kawo zancen tayoyi, na kawo na jami'in. Tsohuwar tana jan carbi tana saurare. Da na gama ta ce ai Baffa ya nuna mata takarda mai tambarin gwamnati, kuma ita ba ta ga dalilin da zai sa gwamnati ta yi mata ƙarya ba. Sannan ta kalle ni ta gefen ido ta yi murmushi.

“Yau kuma ke ce ke wa 'yar fari wannan rawar jiki? Kunyar ta ƙare ke nan?”

Na sunkuyar da kai na ce a'a, motar dai nake ji, kada ta lalace a hanya. Na fito ina jin haushin kowa, har da kaina.

Ita kuwa yarinyar nan ta wuni tana wanke motar a tsakar gida. Ta fitar da tabarmin ƙafa ta kakkaɓe, ta goge gilashi da tsohuwar jarida, ta sa takardar a leda ta ajiye a aljihun gaba inda ubanta ke ajiye nasa. Na tsaya a bakin madafa ina kallon bayanta. Daga ƙarshe na ce, ba tare da na dube ta ba, ai akwai motocin haya da ke zuwa Babban Mutum.

“Suna tsayawa a bakin kwalta, Yaya. Daga nan sai acaɓa cikin yashi. Kuma an ce min in haihuwa ta zo da gardama, babu abin da za a ɗauki mace a kai ta Baure sai amalanke. Da wannan ko da damina zan iya fito da ita.”

Na koma madafa na hau tankaɗen garin da na riga na tankaɗe.

Ranar Litinin da safe Baffa ya zo yi mata addu'ar tafiya. Maƙwabta biyu-uku sun leƙo, kakarta ta aiko da ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji. Aka sa jakarta a baya, da buhun shinkafa ƙarami, da risho. Ta shiga ta tayar da mota. Ni ina ɗaki, na sa hijabi, na zuba kaya kala biyu a jaka, na ɗauki butata. Na fito na ratsa su duka, na buɗe ƙofar gaba na zauna, na ɗora jakar a cinya.

“Yaya, ina za ki?” ta tambaye ni.

“Inda za ki.”

Baffa ya matso taga ya rage murya. “Yaya, wannan wane irin abu ne? Mutane na kallo. Ki fito don Allah.”

“Ba an ce lafiyarta lau ba? To, ni ma zan sha iska. Duk Litinin da ni za a tafi, duk Juma'a da ni za a dawo.”

“Ba a yin haka. Me za a ce?”

“A ce 'yata ce,” na ce. Da ƙarfi na faɗa, har matan da ke bakin ƙofa suka ji, ɗaya ta kama haɓa. Ban taɓa faɗar kalmar nan a gaban mutane ba, kuma ban ji komai ya faɗo daga sama ba.

Injin na ta kaɗawa. Yarinyar nan ta riƙe sitiyari da hannu biyu tana kallon gaba. Sai ta miƙa hannu ta kashe motar.

“Sauka, Yaya.”

“Ba zan sauka ba.”

“Ba zan tuƙa ki a cikinta ba.”

“Don me? An duba ta. Takardar na nan a gabanki.”

Ƙasa-ƙasa ta yi magana, yadda Baffa ba zai ji ba.

“Ranar da Baffa ya ba ni makulli na fita da ita hanyar Zango. Saura kaɗan ta jefa ni gona. Na san abin da take yi.”

“Kin sani, kika ce za ki?”

“Ni kaɗai ce ai. Zan bi ta a hankali.”

Na juyo na dube ta sosai, ido cikin ido, abin da ban tuna ranar da na taɓa yi ba. Goshin ubanta ne da ita, da taurin kansa. Ta zare makullin ta sa min a tafin hannu, ta fita ta buɗe baya ta sauke jakarta. Ta ce wa Baffa shinkafar da rishon a aika mata daga baya. Baffa ya juya yana gyara hula.

Na raka ta tasha, ina biye da ita a baya da jakata da ban san dalilin da ya sa ban ajiye ba. Motar Babban Mutum da ke kan layi wata tsohuwar ƙaramar mota ce da aka ɗaure ƙofar bayanta da igiya, an ɗora buhuna a sama har ta durƙusa. Saura mutum ɗaya ta cika. Ɗan kamasho ya karɓi jakar ya tura, aka matsa mata wuri a baya, ta shige tsakanin wata mai goyo da wani tsoho mai kaji a kwando.

Na zagaya wurin direban, yana tsaye yana cin rake.

“Malam direba, an duba lafiyar motar nan kuwa?”

Ransa ya ɓaci. Ya tofar da ɓawon rake, ya zura hannu ta taga ya zaro wata leda ya buɗe min a fuska. Sabuwa ce fil, irin tamu sak, hatimi ɗaya, sa hannu ɗaya.

“Ga shi nan, Hajiya, in kin iya karatu. Satin da ya wuce aka ba ni.”

Na sunkuya na dubi tayoyin, sun goge sumul kamar namu. Da na ɗago, tana kallona ta gilashi, ta ga abin da na duba, ta kuma ga fuskata. Ɗan kamasho ya buga bodin motar da tafin hannu, aka tura ta ta tashi, suka fita daga tasha suka hau kwalta.